Da Wane Mudu Za Mu Auna Mai Binciken Lafiyar Uwa da Yaro?

A jami'o'inmu, idan aka tashi yabon malami, takardu ake fara ƙirgawa: maƙala nawa ya wallafa, a wace mujalla, kuma sau nawa sauran manazarta suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Shafukan intanet irin su Google Scholar da Scopus suna tattara wannan lissafi su fitar da lamba guda a gaban sunan mutum. Da ita ake ɗora shi kan kujerar farfesa, da ita ake ba shi kuɗin bincike, da ita ake gayyatarsa taro a Turai. Ban raina lissafin ba, kuma zan dawo kan amfaninsa. Amma a fagen da ya shafi mai ciki da jaririnta, da iskar da suke shaƙa da ruwan da suke sha, mudun ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Ra'ayina shi ne, tasirin mai bincike a wannan fage ba ya cika sai abin da ya gano ya isa unguwa irin Wambai a cikin garin Suleja, ya canza abin da ungozoma ke yi da hannunta a ɗakin haihuwa, ko abin da uwa ke sa wa jaririnta a ido, ko inda maigida ke ajiye janareta da daddare. Da gangan na zaɓi Wambai. Mazaɓa ce a garin da ke jingine da Babban Birnin Tarayya, inda ma'aikatar lafiya da ta muhalli da ofisoshin hukumomin duniya suke, don haka babu wanda zai fake da nisa ko rashin hanya idan ilimi bai iso ba.

Wanda ya fi cancanta a fara gwada maganar a kansa shi ne Farfesa Kelsey Harrison, domin da wuya a sami likitan mata a Afirka ta Yamma da aikinsa ya yi tashe a duniya kamar nasa. Haifaffen Abonnema ne a Jihar Ribas ta yanzu, ya yi aiki a Ibadan, sannan ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1970. Tsakanin 1976 da 1979 shi da abokan aikinsa suka duƙufa suna rubuta bayanin duk haihuwar da aka yi a asibitin jami'ar a Zariya, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, har suka tara haihuwa 22,774. Shekarun uwa, tsayinta, haihuwa ta nawa ce, ko ta yi awo, ko ta shiga makaranta, yadda naƙuda ta kasance, nauyin jariri, wa ya rayu wa ya rasu, duk an rubuta. A 1985 mujallar likitocin mata ta Birtaniya ta ware fitowa guda sukutum ta buga sakamakon. Ga mutanen Suleja wannan labarin gida ne. Daga Zazzau kakanninsu suka taso bayan jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828, kuma har gobe Sarkin Zazzau Suleja ake kiran sarkinsu. Matan da Harrison ya ƙirga, a aurensu da goyon cikinsu da jegonsu, dangin matan Wambai ne.

Abin da lissafin ya nuna yana da nauyi. Mata 238 ne suka rasu, kuma fiye da tara cikin goma daga cikinsu ba su taɓa zuwa awo ba. An kawo su ne bayan abu ya ƙazance, wata ta kwana tana naƙuda a gida har ta galabaita, wata jini ya ɓalle mata, wata tana jijjiga. Matan da suka yi awo suka haihu a wannan asibiti guda, a hannun likitoci guda, ƙalilan ne suka rasa ransu. Haɗarin ya fi taruwa a gefe biyu, wato yarinya ƙarama mai cikin fari, da matar da ta manyanta bayan haihuwa da yawa. Aka kuma ga cewa macen da ta yi karatun zamani ta fi tsira, ita da ɗanta. A wani ɓangare na aikin, wanda ya yi tare da masanin jini Alan Fleming da Nimi Briggs, an gano abin da mutane da yawa ba su zata ba: 'yan mata ƙanana masu cikin fari suna ci gaba da ƙara tsayi suna ɗauke da ciki, kuma waɗanda aka bai wa maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini sun fi sauran girma. A nan ne sauro, wanda asalinsa kwata ce da ruwan da ya kwanta a bayan gida, ya shigo cikin maganar ƙugun yarinya da doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Muhalli da ciki ba su taɓa rabuwa ba, mu ne muka raba su a tsangayoyin jami'a. Hukuncin da Harrison ya yanke a ƙarshe bai tsaya kan allura ko tiyata ba. Ya dage cewa ilimi ga kowa da kowa, musamman 'ya'ya mata, shi ne ginshiƙin rage mutuwar masu haihuwa.

Idan ambato ne ma'auni, Harrison ya gama cin jarrabawa. Aikin Zariya yana cikin hujjojin da suka farkar da duniya kafin babban taron Nairobi na watan Fabrairun 1987, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya. To amma ga abin da ke damuna. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a faɗin duniya. Ƙasar da ta samar da hujjar ita ce ta fi kowa jinkirin aiki da ita. Dalilan da ke kashe matan yau su ne dai waɗanda aka rubuta a Zariya kafin a haifi yawancinsu.

Na san amsar da malaman jami'a za su bayar, kuma amsa ce mai ƙarfi. Za su ce aikin mai bincike shi ne ya gano gaskiya ya rubuta ta, gina asibiti da ɗaukar ungozomomi da sayen magani kuwa na gwamnati ne, kuma zalunci ne a ɗora wa wanda ya ƙirga gawa laifin wanda ya ƙi hana mutuwa. Na yarda da rabin wannan magana. Babu mai hankalin da zai ɗora wa Harrison alhakin waɗannan alƙaluma, shi da ya shafe shekaru bayan binciken yana rubutu yana jan kunnen masu mulki. Inda na saɓa da su shi ne tunanin cewa hannun mai bincike a ɗaure yake da zarar mujalla ta karɓi maƙalarsa. Shi ke zaɓen tambayar da zai bi. Shi ke zaɓen ko zai gwada dabararsa a asibitin koyarwa mai ƙwararru ko a babban asibitin gari inda ma'aikaciya ɗaya ke kwana da masu naƙuda da yawa. Shi ke zaɓen ko zai nemi maganin da talaka zai iya saye. Waɗannan zaɓe-zaɓe su ke yanke ko aikinsa zai iya isa Wambai, tun kafin gwamnati ta shigo. Tsarin da ke saka wa malami da ƙarin girma kan adadin takardu kawai yana koya wa matasan manazarta cewa ɗaya rabin aikin Harrison, wato bin sakamako da jan kunnen masu mulki, ɓata lokaci ne.

Kano ta ba mu misalai biyu da ke nuna bambancin. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar cewa allurar maganiziyam salfet ta fi diazepam tsayar da jijjigar masu ciki. Hujjar ta zauna a mujalla, ana ta ambatonta, mata kuma suna ta mutuwa a asibitocinmu. Sai a 2008 aka sami likitoci irin su Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da gwamnatin jiha da masu tallafi, suka kai allurar manyan asibitoci goma na jihar, suka sauƙaƙa ƙa'idar ba da ita, suka horar da ma'aikata. Adadin masu jijjiga da ke rasuwa ya faɗo daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2. Ba su ƙirƙiro maganin ba, kuma maƙalarsu ba za ta taɓa samun ambato kamar gwajin asali ba, amma a wajen matar da ta tashi daga gadon jijjiga da ranta, su ne masu tasirin. Na biyu shi ne gwajin da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa leda mai aljihu da layukan awo a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, kuma da zarar ya kai ƙa'ida a haɗa mata duk matakan ceto lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shigar da dabarar cikin shawarwarinta. Tun daga tushe an tsara binciken ne da ƙaramin asibiti a zuciya. Tambayar da ta rage wa Jihar Neja ita ce ko wannan leda tana cikin kabad ɗin kowane ɗakin haihuwa a Suleja, kuma mai bincike na gari shi ne wanda zai je ya duba.

Inda ratar da ke tsakanin mujalla da tsakar gida ta fi fitowa fili shi ne labarin gubar dalma, kuma labari ne da ya iso har cikin jiharmu. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kuma maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba sa musu aiki. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsun haƙar zinare cikin gidaje, ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin niƙan hatsi, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Duwatsun cike suke da dalma. Da masana daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tare da takwarorinsu na Najeriya suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, kuma kusan duk waɗanda aka gwada jininsu suna buƙatar maganin fitar da gubar. Yara aƙalla 400 suka mutu. Bincike ya yi aikinsa a nan, ba a musu. Ya gano musabbabin, ya nuna cewa sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin maganin ya yi amfani, in ba haka ba yaro zai koma gida ya sake haɗiyar gubar. An buga maƙaloli a manyan mujallu, ana kuma koyar da labarin Zamfara a makarantun kiwon lafiya na duniya. Duk da haka Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, sai da ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin tsaftace shi, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa a kafofin sada zumunta.

Sai ga 2015. A ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan Magiro da Kawo, yara suka fara mutuwa da irin alamun nan, saboda irin sana'ar nan, a irin tsakar gidan nan. A watan Mayu na shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da mutuwar yara 28. Shekara biyar ke nan bayan Zamfara, bayan duk maƙalolin da tarurrukan. Darasin ya ƙetare teku ya isa Amurka da Turai, amma bai isa kunnen mai haƙar zinare a yankin Rafi ba, mutumin da ke jin Hausa kamar na Anka. Adalci ya sa a faɗi cewa ilimin da aka tara ya taimaka, domin an gane cutar da sauri kuma an san matakan da za a bi. Amma ilimin ya zauna ne a kawunan ƙwararru, sai da aka binne yara sannan aka ɗauko shi. Daga baya wasu manazarta suka yi abin da ya kamata tun farko: suka zauna da masu haƙar, suka gwada fesa ruwa a wajen niƙan dutse, da wanka da sauya tufafi kafin komawa gida, suka auna suka ga ƙurar dalma a iska ta ragu matuƙa, gubar da ke jinin ma'aikatan ma ta sauka. Wannan shi ne binciken da ba ya hana talaka neman abincinsa, kuma yana kare ɗansa.

Maganar dalma ba ta ƙare da yaran da suka rasu ba, kuma nan ne ta haɗu da maganar ciki. Dalmar da ta shiga jikin yaro tana komawa cikin ƙashi ta ɓuya shekaru masu yawa. Idan yarinya ta girma ta ɗauki ciki, jikinta yana zaro sinadarin gina ƙashi daga ƙasusuwanta domin ɗan tayi, dalmar kuma ta biyo shi cikin jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Tana da hannu a hawan jinin masu ciki da ɓari da haihuwar jariri mara nauyi, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun kafin ya zo duniya. Yarinyar da ke rarrafe a Dareta a 2010 yanzu ta kai munzalin aure, ƙannenta na Shikira suna biye da ita. Bin diddigin waɗannan 'yan mata a lokacin cikinsu aiki ne da ya rataya a wuyan jami'o'in Arewa, ko da mujallun duniya sun juya sun koma wani labarin.

Kada mutumin Wambai ya ce ai shi ba ya haƙar zinare. A 2012 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, ɗan asalin Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bincika, sai aka gano kwallin da ake sa masa a ido ne, wanda aka sayo daga gida Najeriya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce zalla. Kwallin dutse irin wannan shi ne ake sa wa jarirai a gidajen Hausawa tun ranar suna, da kyakkyawar niyya, don ado da lafiyar ido. Jariri ya murza ido ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Wannan rahoto ya shekara fiye da goma a rubuce da Turanci, kuma kakar da ke riƙe da tandun kwalli ita ce ta fi kowa haƙƙin jin sa. Haka batun hayaƙi yake. Ƙiyasin hukumar ya nuna cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutane kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara ƙanana fiye da 200,000. A garin da ya cika ya batse da ma'aikatan Abuja da 'yan kasuwa, inda gidajen haya suke a matse, murhun itace da gawayi da janareta duk suna numfashi a wuri guda da mai ciki.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda na fi ɗauka da muhimmanci. Za a ce idan aka matsa wa mai bincike lamba ya nuna tasiri a cikin al'umma, zai yi gaggawar fita rediyo da abin da bai nuna ba tukuna, a hana mutane al'adarsu kan zato. Tarihinmu yana da misalin da ke goyon bayan wannan tsoro. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bayyana yawan gazawar zuciya a tsakanin mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa. Shekara da shekaru ana koyar da haka a azuzuwan likitanci. Sai a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da ya tattara masu wannan ciwo daga asibitoci a sassan Najeriya. Suka tabbatar cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma ba su sami alaƙa tsakaninsa da al'adun jego ba. Abin da suka samu shi ne rashin karatu da rashin sana'a da rama da hawan jinin ciki. Haka ma a maganar murhu: wani gwaji a Ibadan ya nuna cewa masu cikin da aka bai wa murhu mai tsafta hawan jininsu ya sassauta, amma babban gwajin da aka buga a 2022, wanda aka yi a Guatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, bai ga murhun gas ya ƙara nauyin jarirai yadda aka sa rai ba. Darasin da na ɗauka daga waɗannan shi ne mai bincike ya faɗa wa jama'a gwargwadon ƙarfin hujjarsa, ya bambance abin da ya tabbata da abin da ake kan dubawa. Dalma a kwalli ta tabbata. Amfanin awo ya tabbata. Kuma a lura cewa wanda ya gyara tsohon zato game da wankan jego ɗan gida ne da ke ganin matan nan kullum a asibiti, ya kuma kawo mu daidai inda Harrison ya tsaya, wato kan ilimin mace da talaucinta. Kusantar jama'a ta ƙara wa ilimin inganci ne.

Ƙorafi na uku shi ne cewa ambato yana ƙirguwa, tasiri a rayuwar mutane kuwa ba ya ƙirguwa, kuma idan aka bar kwamitin ƙarin girma ya auna abin da ba shi da lamba, son kai da sanayya za su shigo. Wannan haɗari ne na gaske a jami'o'inmu, kuma shi ya sa ban ce a jefar da lissafin ambato ba. Yana nuna cewa takwarorin mutum sun karanta aikinsa sun ga ya isa a gina a kai, kuma binciken da bai tsallake wannan siraɗi ba bai cancanci a kai shi unguwa ba tun farko. Sai dai ita ma lambar ana yi mata maguɗi. Akwai mujallun bogi da ke buga komai idan an biya, akwai sanya sunan wanda bai yi aiki ba, akwai abokai da ke ambaton juna don lamba ta hau. Kuma ba gaskiya ba ne cewa tasiri ba ya aunuwa. Tun 2014 Birtaniya ta ware kashi 20 cikin 100 na makin da take auna binciken jami'o'inta da shi ga amfanin da aka samu a wajen jami'a, daga baya ta ɗaga shi zuwa kashi 25, kuma sai jami'a ta kawo shaida a rubuce. Mu ma za mu iya tambaya: wace ƙa'idar jinya ce ta canza saboda aikinka, ma'aikata nawa ka horar, wace doka ta ambace ka, kuma ka koma wa mutanen da ka ɗebi jininsu da sakamako? Gaskiya ne wani tasirin yana daɗewa. Herbert Needleman ya nuna illar dalma ga ƙwaƙwalwar yara a 1979, ya sha suka da tuhuma, kuma sai a 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, ƙasa ta ƙarshe a duniya kuwa, Aljeriya, sai 2021. Amma a duk tsawon wannan lokaci ana iya ganin sawun mutumin a gaban majalisa da kotu da hukumomi, kuma sawun nan ne nake cewa a ƙirga.

Tambayar komawa da sakamako ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Ɗalibai da malamai suna shiga unguwanni da takardun tambayoyi, mai unguwa ya yi musu iso, mata su bar aikinsu su amsa, a ɗebi jini da ruwan rijiya, sannan shiru. A Arewa wannan shiru yana da tsada. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, kuma an daɗe ana biyan bashin wannan rashin yarda da ƙafafun yara. Duk mai binciken da ya dawo ya tsaya a ƙofar gidan mai unguwa ko a makarantar Islamiyya ta matan aure ya ce ga abin da muka samu a ruwanku, ga abin da za ku yi, yana gyara wa na bayansa hanya ne. Kuma da Hausa zai faɗa, ko da Gbagyi ko Koro inda su ne harshen gida, a rediyo da wajen awo da huɗubar Juma'a.

Saboda haka kirana ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da asusun TETFund shi ne su sanya sharaɗi a duk kuɗin binciken lafiya: kafin a rufe aiki, a kawo shaidar cewa an mayar wa al'ummar da aka yi binciken a cikinta sakamako da harshenta, kuma a ba wannan maki a ƙarin girma. Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suna da masana kimiyyar sinadarai da na muhalli, Babban Asibitin Suleja kuma yana da masu zuwa awo kowane mako. Su haɗa hannu da ma'aikatar lafiya ta jiha da masarautar Zazzau Suleja su fara da ƙaramin aiki: a sayi kwalli daga kasuwannin garin a auna dalmar da ke ciki, a gwada jinin masu ciki da yaran da iyayensu suka amince a Wambai da maƙwabtanta, a ƙirga ɗakunan haihuwar da ke da maganiziyam salfet da ledar awon jini a ajiye. Idan sakamako ya fito, a fara karanta shi a fadar sarki da gaban matan da suka ba da jininsu, sannan a aika da shi mujalla.